36 ko 38: Rigimar Lissafin Kofunan Juventus

Duk wanda ya je filin wasan Juventus a birnin Turin, kafin ya kai ga kujerarsa zai ci karo da wata garkuwa mai launin tutar Italiya, kore da fari da ja, an rubuta 38 a jikinta. Wannan shi ne adadin kofunan gasar Italiya da ƙungiyar ke cewa ta ci. In ya koma masauki ya buɗe kundin hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, 36 zai tarar. Babu kuskuren ɗab'i a ko ɗaya daga cikin wuraren biyu. Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ya rubuta, kowanne kuma ya rubuta nasa da gangan.

Kofuna biyu ba su da yawa a wurin ƙungiyar da ta fi kowace tara kofuna a Italiya. Ko da 36 aka tsaya, Inter da ke biye mata 20 take da su a 2024, AC Milan 19. Babu mai kamo ta nan kusa. Amma an shafe kusan shekara ashirin ana kai ruwa rana a kan waɗannan biyun, a kotunan wasanni da na gwamnati, a jaridu, har da jikin rigar 'yan wasa. Dalilin ya wuce son tara azurfa a ɗakin ajiya. Jerin kofunan ƙungiya takardar shaida ce, kuma wanda ya yarda a goge masa layi biyu a cikinta ya amsa laifin da aka goge su dominsa.

Italiyawa suna kiran kofin gasarsu scudetto, wato 'yar ƙaramar garkuwa. Tun 1924 ƙungiyar da ta zama zakara take ɗinka garkuwar a ƙirjin rigarta tsawon kakar da ke biye, in ta kasa kare kambun ta cire. Aron shekara ɗaya ke nan. Abin da ba a cirewa shi ne tauraro, kuma Juventus ce ta kawo shi. A 1958, lokacin da ta ci kofinta na 10 da su Giampiero Boniperti da John Charles da Omar Sívori, shugabanta Umberto Agnelli ya nemi a ba ƙungiyar wata alama ta dindindin, aka amince da tauraron zinariya ɗaya a kan kowane kofi goma. Inter ta sami nata a 1966, Milan a 1979. Juventus ta ƙara na biyu a 1982. Genoa, wadda ta ci 9 tun kafin yaƙin duniya na biyu, tana nan har yau ɗaya ya rage mata, ta kuma shafe ƙarni guda tana jiransa.

Wato ƙungiyar da ke jayayya da lissafin hukuma a yau ita ce ta koya wa Italiya ɗaukar lissafin da muhimmanci. Daga ranar da aka ɗinka tauraron farko, kofuna suka zama abin da ake ƙirgawa goma-goma kamar kuɗi, kowanne daidai da ɗan'uwansa.

To amma ba daidai suke ba. Gasar farko ta Italiya, wadda Genoa ta ci a 1898, a yini ɗaya aka fara ta aka gama, ƙungiyoyi huɗu ne kacal, a nan birnin Turin. Kofin farko na Juventus a 1905 ya fito ne daga zagayen ƙarshe na ƙungiyoyi uku. A 1922 zakaru biyu aka yi a shekara ɗaya, Pro Vercelli da Novese, saboda hukumar ta dare gida biyu, kuma kundin ya karɓi duka biyun. Layi ɗaya kowannensu yake ci a jerin, daidai da kakar wasa 38 da ake gwabzawa daga Agusta zuwa Mayu. Haka abin yake a lissafin maki. Juventus ce ke riƙe da tarihin maki mafi yawa a kaka ɗaya, 102 a 2013/14 a ƙarƙashin Antonio Conte: nasara 33, canjaras 3, rashin nasara 2, ta kuma cinye dukkan wasanninta 19 na gida. Amma a 1976/77 ƙungiyar Giovanni Trapattoni ta sami maki 51 daga cikin 60 da ake iya samu, lokacin da gasar ke da ƙungiyoyi 16 kuma nasara maki biyu ce, Torino na biye da ita da 50. Wanda ya ɗora 51 kusa da 102 zai ɗauka ta farkon rabin ta biyun ce, alhali tazarar ƙarfinsu ba ta taka kara ta karya ba. Masu kallon ƙwallo sun saba da irin wannan rashin daidaito, sun kuma yafe wa kundin, tunda ba wanda ya shirya shi da mugun nufi. Abin da ya faru a 2006 daban ne.

A watan Mayu na shekarar, kaka na gab da ƙarewa, jaridun Italiya suka fara buga hirarrakin waya da masu bincike suka naɗa a asirce. Muryar da ta fi yawa a ciki ta Luciano Moggi ce, babban daraktan Juventus, mutumin da aka daɗe ana cewa ba a sayen ɗan wasa ko sayar da shi a Italiya bai sani ba. A lokacin da aka naɗi hirarrakin mutum biyu ne ke rarraba alƙalan wasa a gasar, Paolo Bergamo da Pierluigi Pairetto. Ana kasa wasannin mako zuwa rukuni-rukuni, a sa sunayen alƙalai a kowane rukuni, sannan a jefa ƙuri'a. An ji Moggi yana tattaunawa da su a kan wanda ya dace a sa a wane rukuni, yana yaba wannan alƙali, yana kushe wancan. Masu gabatar da ƙara suka ce har layukan waya na ƙasashen waje ya raba wa wasu don kada a ji abin da ake faɗa.

Ba a kama kowa da jakar kuɗi a ƙofar ɗakin alƙali ba, kuma magoya bayan Juventus ba sa gajiya da tunatar da mutane wannan. Abin da kotun wasanni ta ce ta gani shi ne wani tsari na riƙe wuyan alƙalanci gaba ɗaya. Alƙalin da ya san wanda ya ɓata wa rai zai iya sa a ajiye shi a gida makonni, ko a hana shi manyan wasanni da damar zuwa gasar Turai, ba ya buƙatar a ba shi ko sisi. Zai busa usur da gaskiya a mafi yawan lokuta. Sai a wurin da abu ya zo rabi da rabi, inda shi kansa ba zai iya rantsuwa ba, nan ne tsoro ke yanke hukunci a madadinsa. Irin wannan ba ya barin sawu a wasa guda da za a nuna da yatsa, shi ya sa yake da wuyar tabbatarwa, shi ya sa kuma ya fi cin hancin wasa ɗaya muni.

Ranar 14 ga Mayu Juventus ta doke Reggina 2-0 a Bari, aka miƙa mata kofi, 'yan wasa suka ɗaga. Maki 91 ta gama da su, sau ɗaya tak aka ci ta a kakar. Milan ta zo ta biyu da 88, Inter ta uku da 76. Daga nan 'yan wasan suka wuce Jamus gasar cin kofin duniya. A wasan ƙarshe na Berlin, ranar 9 ga Yuli, 'yan Juventus takwas ne suka taka fili: Buffon, Cannavaro, Zambrotta, Camoranesi da Del Piero a ɓangaren Italiya, Thuram, Vieira da Trezeguet a ɓangaren Faransa. Kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin duniya ɗan Juventus ne, wanda ya ɓarar da fenaritin da ya kayar da Faransa shi ma ɗan Juventus ne. Kwana biyar bayan haka kotun wasanni ta yanke hukunci. Aka ƙwace kofin 2004/05 da na 2005/06, aka tura ƙungiyar rukuni na biyu, Serie B, a karon farko a tarihinta, tare da cire mata maki 30, wanda ɗaukaka ƙara ya mayar 17, daga baya 9. Milan da Fiorentina da Lazio da Reggina su ma an hukunta su da cire maki, amma bayan ɗaukaka ƙara dukkansu sun zauna a Serie A. Milan ma har ta samu ta shiga gasar zakarun Turai ta kakar da ta biyo, ta kuma cinye ta.

Kofin 2004/05 an bar gurbinsa babu kowa. Na 2005/06 aka bai wa Inter, domin bayan an sauke Juventus ƙasan teburi an kuma zabtare wa Milan maki 30, ta ukun ce ta hau sama.

Yadda wannan ya sauka a kan mutane ɗaiɗai ya fi bayyana a labarin 'yan Afirka biyu. Stephen Appiah, wanda ya jagoranci Ghana zuwa gasar kofin duniya ta farko a tarihinta, ya yi wa Juventus wasa daga 2003 zuwa 2005. Ya yi gudu a tsakiyar fili a kakar 2004/05, ya yi murna tare da abokansa, ya tafi Fenerbahçe yana zakaran Italiya. Shekara guda bayan haka ya daina zama zakara, ba tare da an tuhume shi da komai ba. Obafemi Martins kuwa yana Inter a 2005/06. Ya tafi hutu ƙungiyarsa na matsayi na uku, maki 15 a bayan ta ɗaya. Kafin ya tattara kayansa zuwa Newcastle a watan Agusta ya zama zakaran Italiya, shi ma ba tare da ya ƙara taɓa ƙwallo ba. Duk wanda ya duba tarihin mutanen biyu a yau zai ga scudetto a gaban sunan Martins, ba zai gani a gaban na Appiah ba.

Akwai kuma wani abin da hukuncin bai taɓa ba. An soke kofunan, amma ba a soke wasannin ba. Ƙwallaye 290 da Alessandro Del Piero ya ci wa Juventus, adadin da ba wanda ya kai a tarihinta, sun haɗa da na kakannin biyu. A tsakiyar ɗaya daga cikinsu ma, cikin Janairun 2006, ya wuce tarihin Boniperti. Wasanninsa 705 suna nan cif, haka 685 na Gianluigi Buffon. Kundin ya yarda an buga wasannin, an ci ƙwallayen, an tara makin. Abin da makin ya haifa ne kawai ya ƙi amincewa da shi. Shi ya sa Del Piero ke da kofi 6 a hukumance, 8 a lissafin Turin, Buffon kuma 10 a nan, 12 a can.

Waɗannan biyun suna cikin waɗanda suka zauna. Koci Fabio Capello ya tafi Real Madrid, Cannavaro da Emerson suka bi shi, Thuram da Zambrotta suka nufi Barcelona, Ibrahimović da Vieira kuwa Inter suka koma, abin da ya ƙara wa magoya baya ciwo. Buffon, Del Piero, Nedvěd, Trezeguet da Camoranesi suka sauka Serie B. Wata biyu bayan Berlin, mai tsaron ragar da ya fi kowa a duniya yana ƙaramin filin Rimini ana tashi 1-1. Sun cinye rukunin a ƙarƙashin Didier Deschamps, Del Piero ya fi kowa zura ƙwallo da 20. Kofin Serie B na 2007 yana cikin jerin nasarorin ƙungiyar a hukumance, kuma shi ne kaɗai a jerin da ba don hukuncin ba da babu shi.

Hujjar Juventus tana da ƙafa biyu, kuma ba su kai juna ƙarfi ba.

Ta farko ita ce ƙungiyar ta fi kowa ƙarfi, ba ta buƙatar taimakon kowa. A dubi Berlin. Wannan gaskiya ne, amma ba ya wanke kowa. Ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a aji, in aka kama mahaifinsa yana zama da masu gyaran takardar jarrabawa, ba zai kare kansa da cewa ko ba haka ba da ya ci ba. Wataƙila da ya ci ɗin. Abin da aka lalata shi ne damar sanin hakan, kuma gidansu ne ya lalata ta. 'Yan wasan da aka ƙwace wa lambobinsu an zalunce su, amma wanda ya zalunce su yana hawa na sama a ofishin ƙungiyarsu, da waya a kunne.

Ta biyu ta fi nauyi. Hirarrakin da aka gina shari'ar a kansu na kakar 2004/05 ne. Kakar 2005/06 ba ita aka bincika ba, ta tafi ne a matsayin wani ɓangare na horo. Mutumin da aka ɗora a kan hukumar ƙwallon na riƙon ƙwarya a lokacin, wanda a hannunsa aka miƙa kofin ga Inter, lauya ne mai suna Guido Rossi, kuma ya taɓa zama a majalisar gudanarwar Inter ɗin. Sannan a shari'ar laifi da aka yi a Napoli, lauyoyin Moggi suka tono wasu hirarrakin da ba a gabatar ba a 2006, a ciki har da na shugaban Inter Giacinto Facchetti da masu rarraba alƙalai. A Yulin 2011 mai gabatar da ƙara na hukumar, Stefano Palazzi, ya rubuta cewa abin da aka ji ya isa a tuhumi Inter, sai dai wa'adin tuhuma ya wuce. Facchetti ya rasu tun Satumbar 2006, ba shi da bakin kare kansa, kuma babu kotun da ta taɓa auna zargin. Hukumar ta ce ba ta da hurumin karɓe kofin. Laifi tudu ne, in ji masu magana, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Amma a nan ɗaya an rushe masa nasa a bainar jama'a, ɗayan kuwa ko auna tsayin nasa ba a yi ba.

Italiya ta taɓa shiga irin wannan hali, ta kuma fita ta wata ƙofa daban. A 1927 an ƙwace wa Torino kofi bisa zargin wani jami'inta ya yi wa ɗan bayan Juventus, Luigi Allemandi, tayin kuɗi kafin wasan hamayyar birnin. Bologna ce ta zo ta biyu. Shugaban hukumar ƙwallo na lokacin, Leandro Arpinati, shi ne kuma mai mulkin birnin Bologna, kuma bai ba garinsa kofin ba. Gurbin 1927 yana nan fayau har yau. Da an yi haka da na 2006, da rabin rigimar ba ta taso ba. Hujjar Juventus ta biyu tana kaiwa ne ga cewa bai kamata Inter ta riƙe kofin ba. Ba ta kaiwa ga cewa a mayar wa Juventus. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tazara, kuma lambar 38 tsallake ta take yi.

Andrea Agnelli, ɗan Umberto mai tauraro, ya karɓi shugabancin ƙungiyar a 2010, ya mayar da batun kofunan biyu tutar mulkinsa. A Satumbar 2011 aka buɗe sabon fili. A Mayun 2012 Conte ya kawo kofin farko tun bayan faɗuwa, ba tare da an ci ƙungiyar ko sau ɗaya ba: nasara 23, canjaras 15. A kundin hukuma na 28 ne. A Turin na 30 ne, wato tauraro na uku ya kama. Hukuma ba za ta yarda da tauraron ba, ƙungiyar kuma ba za ta fito da biyu ta ƙaryata kanta ba. Sai ta cire taurarin gaba ɗaya daga rigar, ta rubuta kalmomi a ƙarƙashin tambarinta: 30 sul campo, ma'ana 30 a cikin fili. Da hukuma ta kai ga 30 a nata lissafin a 2014, taurari uku suka dawo kan rigar daga kakar 2015/16.

Kalmar "a cikin fili" tana da daɗin ji. Tana raba duniya biyu: fili, inda gaskiya take, da ofis, inda ake murɗe ta. Sai dai ita wannan kaka ta 2011/12 tana ɗauke da abin da ke ƙaryata rabon. Ranar 25 ga Fabrairun 2012, a San Siro, Milan da Juventus suna kankankan a saman teburi. Milan na gaba da ci ɗaya, sai Sulley Muntari ɗan Ghana, wanda bai daɗe da zuwa aro daga Inter ba, ya sa kai. Ƙwallon ta wuce layi sarai kafin Buffon ya janyo ta waje; duk wanda ke gaban talabijin ya gani. Alƙali da mataimakinsa ba su ba da ita ba. Alessandro Matri ya farke a kusa da ƙarshe, aka tashi 1-1. Adalci ya sa a ambata cewa shi ma Matri an soke masa wata ƙwallo a wasan bisa satar gida da ba ta tabbata ba, kuma babu wanda ya nuna hannun kowa a kuskuren. Ko da an ba Milan nasarar, lissafin ƙarshe zai koma 83 da 82 maimakon 84 da 80, Juventus na sama har yanzu, ko da yake ƙwallo ba ta bin lissafin alli haka. Amma tarihin kammala kaka ba a ci ta ba, wanda ƙungiyar ke alfahari da shi, yana iya rushewa a daren. Abin da ya faru a cikin fili shi ne ƙwallon Muntari ta shiga. Abin da aka rubuta shi ne ba ta shiga ba, kuma a wannan karon Juventus rubutun ta bi. Na'urar tantance ko ƙwallo ta wuce layi ba ta iso Serie A ba sai 2015.

Daga nan kofuna tara a jere suka biyo, 2012 zuwa 2020, abin da ba a taɓa yi ba a Italiya. Kwadwo Asamoah na Ghana yana cikin shida daga ciki. Kowace shekara lambobin biyu suna hawa tare, tazarar biyu na nan a tsakaninsu.

Akwai wani kofi a ɗakin tarihin ƙungiyar da babu hukumar da ta taɓa jayayya da shi, kuma shi ne ya fi kowanne nauyin ɗauka. Ranar 29 ga Mayun 1985, a filin Heysel na Brussels, Juventus za ta kara da Liverpool a wasan ƙarshe na kofin Turai. Kimanin awa ɗaya kafin a fara, wasu magoya bayan Liverpool suka keta shingen da ya raba su da wani sashe da Italiyawa suka cika. Mutane suka gudu suka matsu a jikin wani tsohon bango, bangon ya rufta. Mutum 39 suka mutu, 32 daga cikinsu Italiyawa, ɗaruruwa suka ji rauni. Hukumomi suka ce a buga wasan, don tsoron abin da zai biyo baya in aka saki dubban mutane cikin gari a wannan hali. Aka buga, gawarwaki na ajiye a wajen fili. Michel Platini ya ci ƙwallo ɗaya tilo da fenariti, a kan ƙetar da aka yi wa Zbigniew Boniek a wajen da'ira.

Da wannan kofi Juventus ta zama ƙungiya ta farko da ta haɗa manyan kofunan Turai uku na lokacin, bayan na UEFA a 1977 da na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1984, har hukumar ƙwallon Turai ta ba ta allon girmamawa. A jerin nasarori layin yana cewa 1985, babu wata alama a gefensa. Wasu daga cikin waɗanda suka buga, irin su Marco Tardelli, sun faɗa daga baya cewa ba su taɓa jin kofin a matsayin nasara ba, kuma an daɗe ana samun masu cewa ya kamata a mayar da shi. Ba a mayar ba. Shi ya sa da yawa daga cikin tsofaffin magoya baya suke ɗaukar na 1996, wanda aka ci Ajax ta su Finidi George da Nwankwo Kanu da bugun fenariti a Roma, a matsayin na farko na gaskiya. Su ma suna da nasu lissafin da ya saɓa wa kundi, sai dai nasu ragewa yake yi.

Jerin ba ya kuma nuna wasannin ƙarshe bakwai da ƙungiyar ta sha kashi a wannan gasa, fiye da kowace ƙungiya a Turai: 1973, 1983, 1997, 1998, 2003, 2015, 2017. Buffon ya buga uku daga ciki, ya yi ritaya bai taɓa ɗaga kofin ba. Ana jingina wa Boniperti wata magana da ke nufin nasara ce kaɗai abin da ake lissafawa, har ƙungiyar ta taɓa ɗinka ta a wuyan riga. Ƙungiyar da ta ɗauki wannan a matsayin aƙida ba ta da inda za ta ajiye zuwa wasan ƙarshe sau tara, kamar yadda ba ta da inda za ta ajiye kaka biyu da ta gama a saman teburi aka ce ba ta ci ba. Ana iya cewa aƙidar ce ta sa Moggi ɗaukar waya tun farko.

Shari'o'in sun ƙare ba tare da sun gamsar da kowa ba. An haramta wa Moggi harkar ƙwallo har abada. A 2015 kotun ƙoli ta ce wa'adin hukunta shi a kan babban laifin ya wuce, ba tare da ta wanke shi ba. Ƙarar diyyar ɗaruruwan miliyoyin Yuro da Juventus ta shigar a kan hukumar ba ta haifar da komai ba. Andrea Agnelli kansa ya sauka a ƙarshen 2022 a tsakiyar wani binciken daban, na yadda ake kumbura farashin 'yan wasa a littattafan kuɗi, aka cire wa ƙungiyar maki 10 a 2023.

Ranar 22 ga Afrilun 2024 Inter ta doke Milan 2-1 a San Siro, ta ci kofinta na 20, ta ɗinka tauraro na biyu. A cikin 20 ɗin akwai na 2006, wanda abokan hamayya ke kira kofin kwali. In aka cire shi, Inter da Milan 19-19 suke, kuma magoya bayan Milan ba su ɓata lokaci ba wajen faɗar haka. Kofin Inter na 19, wanda ya katse jerin tara na Juventus a 2021, Antonio Conte ne ya ci mata shi. Babban jami'in da ya gina ƙungiyar da ta kai ga tauraron kuwa Giuseppe Marotta ne, wanda yake babban jami'in Juventus a shekarar da aka rubuta 30 sul campo a ƙirjin riga.